Yadda mai yi wa jama'a hidima zai tsare kansa daga galabaita da ƙafewar tausayi

Wajen ƙarfe uku na dare ne, a ɗakin haihuwa na wani asibiti cikin birnin Kano, ina shekara ta tara a aikin jinya. An kawo wata yarinya daga ƙauye, haihuwar fari, ta kwana biyu tana naƙuda a gida kafin a yarda a ɗauko ta. Mun samu kanta, jaririn kuwa bai zo da rai ba. Uwarta ta durƙusa a bakin ƙofa ta riƙe gefen rigata tana cewa, "Malama, don Allah ki sake dubawa, ko yana numfashi." Abin da ya faɗo mini a rai a lokacin har yau ina jin nauyin faɗarsa: shayin da na haɗa tun ƙarfe ɗaya ya huce, ga kuma wannan mata ta tare mini hanya. Na zare rigata daga hannunta na ce, "Inna, sai haƙuri," da irin muryar da mai kanti ke cewa babu canji. Na koma na cika takardu. Ko ɗar ban ji ba.

Sai da gari ya waye, ina cikin Adaidaita Sahu a cunkoson Ƙofar Nassarawa, sannan abin ya dawo mini. Ni ce fa wadda a shekarar farko nake shigewa banɗaki in yi kuka in share fuska duk ranar da aka rasa jariri. Na ɗauka imanina ne ya yi rauni. Kafin nan kuma sau uku ina shan maganin maleriya da taifot saboda ciwon kai da kasalar da suka ƙi tafiya.

Zan riƙa cewa "ki" saboda yawancin waɗanda na yi wannan zance da su mata ne, amma maza kada ku ce ba da ku ake ba. Malamin firamare mai yara fiye da ɗari a aji, ma'aikacin Hisba da ke wuni yana sauraron rigimar aure, likita, mai ba da kati, limamin unguwa da ba a barin ƙofarsa ta huta, duk jirgi ɗaya ya ɗebo mu.

Mataki na farko: ki san wanne ne ya kama ki

Abubuwa biyu ne, kuma sukan zo tare. Na farko galabaitar aiki. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Herbert Freudenberger, shi ya fito da zancenta a 1974, bayan ya ga yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta, har da shi kansa, suke farawa da zafi su ƙare a lanƙwashe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin kundinta na cututtuka da matsalolin lafiya, ta ce ba cuta ba ce, matsala ce da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Ta ba ta alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin har mutum ya riƙa ƙyamarsa, sannan ingancin aikin ya ragu. A hankali take shiga, kamar gara a azara.

Na biyu shi ne ƙafewar tausayi. A 1992 aka fara ambatonsa a wata mujallar ma'aikatan jinya, kan masu aiki a sashen gaggawa, kafin Charles Figley ya faɗaɗa bayaninsa a 1995. Wannan daga yawan kallon wahalar mutane yake zuwa, kuma yana iya faɗowa dare ɗaya bayan wani abu mai tayar da hankali. Ko dai ki daina jin komai, kamar yadda ya faru da ni, ko kuma abin da kika gani ya riƙa biyo ki har mafarki.

Ki sayi ƙaramin littafi. Kowane dare, har sati biyu, ki rubuta abu uku: awa nawa kika yi barci, sau nawa kika yi wa wani tsawa ko kika ji kamar ki yi, sannan ki ba ƙarfin jikinki maki daga sifili zuwa biyar. A gefe ki sa abin da ya fi ƙona miki rai a ranar, kalma biyu ko uku sun isa. Kada ki dogara da tunani, domin wanda ya gaji ba ya iya lissafin gajiyarsa. Bayan sati biyun ki duba. In makin yana tashi ranar hutu ya faɗi daren da za ki koma aiki, nauyin aikin ne. In kuma abin da ke maimaituwa a gefen fuskokin mutane ne da labaransu, tausayin ne ya jigata.

Mataki na biyu: a auna ki, kada ki auna kanki

Mu ma'aikatan lafiya mun fi kowa wannan laifi. Mu rubuta wa kanmu magani, mu biya kemis, shi ke nan. Ƙarancin jini, ciwon suga, hawan jini da matsalar maƙoƙo duk suna kawo kasala irin wannan, saboda haka ki yanki kati kamar kowa, ki zauna gaban likitan da ba ƙawarki ba, a duba waɗannan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ki faɗa masa har da rashin barcin da saurin fushin, da abin da kike sha don ki iya tsayuwa.

Akwai alamun da ba a jira da su. Baƙin ciki da ya wuce sati biyu yana bin ki ko'ina, har gidan biki da wajen 'ya'yanki. Jin cewa gara mutuwa, ko tunanin cutar da kai. Fara kuskuren ma'aunin magani. Dogaro da Tramadol don a yi aiki ko Valium don a yi barci. Mai ɗaya daga cikin waɗannan likitan ƙwaƙwalwa take buƙata a wannan makon, kuma ta gaya wa wani na kusa da ita yau. Akwai sashensu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na san yadda muka mayar da sunan Dawanau abin zolaya a garin nan, har mutum ya gwammace ya mutu a tsaye da a gan shi a ƙofar. Amma yawancin masu zuwa can ganin likita suke yi su karɓi shawara ko magani su koma gida a ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare haƙƙin masu irin wannan larura. Addu'a da magani kuwa ba kishiyoyi ba ne, ki haɗa su.

Mataki na uku: barci kafin komai

Duk wata shawara da za ta biyo baya ba za ta kama ba in ba kya barci. Babban mutum yana buƙatar awa bakwai ko fiye a kwana. Mai dutin dare a Kano kuwa yaƙi take yi da abu uku: haske, zafi da sallama.

In kin sauko da safe, ki ci abu mara nauyi, kunu ko koko, ki yi wanka, ki kwanta kafin ƙarfe tara yayin da yara suke makaranta. Ki rataya bargo mai duhu a taga. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, ki yayyafa ruwa a ƙasa, ki jiƙa zani ki matse ki lulluɓa, ki zaɓi ɗakin da rana ba ta duka da hantsi ko da ba naki ba ne. Abin da bai cika ba ki rama shi bayan La'asar, lokacin da yara suka tafi Islamiyya. Shayi, Nescafe, goro da lemon ƙara kuzari duk ki yanke su awa shida kafin lokacin kwanciyarki, saboda sinadarin da ke cikinsu yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. Na ga masu tauna goro ƙarfe biyar na asuba don su kai ƙarshen duti, sannan su zo suna ƙorafin idonsu ya bushe har Azahar.

Masu aikin rana, ƙailula ta minti ashirin bayan Azahar ta fi kofin shayi na uku amfani. Kada ta wuce haka, in ba so kike ki tashi kanki ya yi nauyi ba.

Mataki na huɗu: ki sa ƙofa tsakanin aiki da gida

A nan zan daɗe, domin a nan namu ya bambanta da na waɗanda suka rubuta littattafai a kan wannan matsala. Ma'aikaciyar jinya a Turai in ta tashi ta tashi. Ke kuwa duk wanda ke aiki a asibiti, ko da mai shara ne, "likita" ne a unguwarsu. Kina cire takalmi za a yi sallama, yaron maƙwabta jikinsa ya yi zafi. Ƙarfe sha ɗaya na dare ɗan ƙanin mijin yayarki zai turo hoton sakamakon gwaji ta WhatsApp. A gidan suna kina kai loma wata za ta matso ta ce, "Dama ina son ganinki." Malamin makaranta haka yake fama da iyayen yara da masu neman a cika musu fom. Ba ka da bakin cewa a'a, kada a ce ka yi boko ka yanke zumunci. Sai ya zama duti biyu kake yi, ɗaya da albashi, ɗaya da "Allah ya saka".

Ga yadda na yi, kuma ya yi aiki.

Da farko na raba abin da ake buga ƙofa dominsa gida biyu. Zubar jini, jijjiga, naƙuda, numfashi da ƙyar, yaron da ya sanƙare: waɗannan ko ƙarfe nawa ne a tashe ni, kuma aikina in taimaka a kai su asibiti da gaggawa. Sauran duka, ciwon gwiwar da ya shekara uku, ƙuraje, duba takardar magani, na ba su lokaci guda: Asabar bayan La'asar. Ban kafa allo ba. Mutum uku na gaya wa, waɗanda na san in sun ji unguwa ta ji.

Na biyu, na nemi mai tsaron ƙofa. Kunya ba za ta bar ni in kori mutum da bakina ba, amma surukata, Allah ya ji ƙanta, ba ta da wannan matsalar. Na zaunar da ita na ce, "Hajiya, in ban yi barci ba wata rana zan yi wa ɗan wani allurar da ba tasa ba." Daga ranar, duk wanda ya yi sallama da hantsi sai ta ce, "Ta kwana a tsaye, sai ta tashi." Ba wanda ya taɓa musa mata. In ba ki da irinta, maigida ko babbar 'yarki za su iya, muddin kin yi musu bayanin abin da ake tashinki dominsa.

Na uku, na koyi irin a'ar da ba ta da ƙaya. Kada ki ce kin gaji, ba mai jin wannan. Ki ɗora dalilin a kan amfanin mai tambaya: "Wallahi Yaya, ba ni da abin awo a gida. In na ba shi magani da ka, ina iya cutar da shi. Ki kai shi asibitin unguwa da safe, ki ce a yi masa gwajin jini, in kun dawo ki nuna mini ranar Asabar." Kin ba ta hanya, kin mutunta ta, kuma gaskiya kika faɗa. Wasu za su yi fushi. Wata ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, daga baya ita ta kawo mini dambun nama da Sallah.

Na huɗu, waya. Layi biyu: na aiki da jama'a, da na gida wanda mutum biyar kawai suka sani. Na farkon yana mutuwa ƙarfe tara na dare, sai in ina jiran kira daga wajen aiki.

Sai kuɗi, wanda ba a cika faɗa ba. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa zaro kuɗin cefanenta ta saya wa mara lafiya ruwan ƙari ko safar hannu ba? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin ya ƙaru, ga kuɗin motarki ke ma ya ninka. Ban ce ki daina ba. Ranar albashi ki ware abin da za ki iya, ki sa a ambulan. In ya ƙare ya ƙare, sai wani watan. Daga nan ki tura su sashen walwalar marasa lafiya na asibitin, ko Hukumar Zakka da Hubusi, ko masu hali da kika san suna bayarwa. Sadakar da za ta sa ki ci bashin kuɗin makarantar 'ya'yanki, ƙarshenta ki tsani masu roƙon.

In zuciyarki tana ce miki wannan son kai ne, ki tuna ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i da ke cikin Bukhari. Salmanu ya tarar ɗan'uwansa yana azumi da rana yana tsayuwa da dare har ya yi watsi da iyalinsa, sai ya sa shi ya ci abinci ya kuma kwanta, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowa haƙƙinsa. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi Salmanu ya yi gaskiya. Ibada ke nan fa aka ce a sassauta, balle duba hoton gwaji da tsakar dare.

Mataki na biyar: ki rage kayan daga tushe

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ko kin fi kowa iya barci da numfashi, mutum biyu ba za su yi aikin mutum shida su zauna lafiya ba, kuma ba laifinki ba ne abokan aiki sun tafi Saudiyya da Ingila ba a cike gurbinsu ba. Ina jin haushin masu taron bita da ke tara ma'aikata su ce musu su riƙa murmushi, alhali jadawalin aikin ne ke kashe su.

Christina Maslach, wadda ta fi kowa suna a binciken wannan matsala, ita da abokin aikinta Michael Leiter sun nuna wurare shida da ɓarakar ke fitowa: yawan aiki, rashin ta-cewa a kan yadda za ka yi shi, rashin sakamako ko yabo, lalacewar zama da abokan aiki, rashin adalci, da tilasta maka abin da ya saɓa wa zuciyarka. Ki koma littafinki ki ga wanne ya fi yawa a gefen shafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na ɗauka yawan aiki ne, ashe rashin adalcin rabon dutin dare ne ya fi ci mini rai.

Sai ki tunkari shugabarki, amma da tsari. Kada ki je lokacin miƙa aiki, kada ki je ranar da ranki ya ɓaci. Ki nemi minti goma. Ki tafi da takarda, ki roƙi abu ɗaya tak, mai iyaka, wanda tana da ikon yi. Misali: "Ranki ya daɗe, a wata biyun nan na yi dare goma sha takwas, ga kwanakin. Na fara tsoron kada in yi kuskure a kan mara lafiya. Ina roƙon a cire ni daga dare na wata ɗaya, na riga na yi magana da wance, ta yarda mu yi musanya." Wanda ya zo da matsala da maganinta ya fi samun kunne. In abin ya shafi kowa, ku je ku biyu ko uku, in ya faskara ku bi ta ƙungiyarku, don irin wannan ake cire muku kuɗi duk wata.

Ki san haƙƙinki kuma. Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a yini yana da hutun da jimillarsa ta kai awa ɗaya, da kwana ɗaya cur a cikin kowane bakwai, da aƙalla ranakun aiki shida na hutun shekara bayan wata goma sha biyu, da kwana goma sha biyu na rashin lafiya da albashi in likita ya tabbatar. Wannan mafi ƙaranci ne, kuma dokar ba ta hau kan kowane rukunin ma'aikata ba, don haka ki duba takardar ɗaukarki aiki ko ƙa'idojin aikin gwamnati, galibi abin da ke ciki ya fi haka. Ki karɓi hutunki na shekara, kuma kada ki kai shi asibitin kuɗi ko makarantar lesin ki sayar. Na san albashi ba ya kai wata, ba daga sama nake magana ba. Amma taura biyu ba ta taunuwa har abada. In dole ne aiki na biyun, ki yanka masa kwanaki, ki bar rana ɗaya a mako da ba na kowa ba.

Mataki na shida: ki sauke abin da ido ya gani

Abin da muka saba shi ne a rufe gawa, a wanke hannu, a kira na gaba. Ba a magana. Abin kuwa taruwa yake yi.

Ki samu mutum ɗaya a cikin abokan aiki, wadda bakinta ke da murfi, ku yi alkawari: duk ranar da aka yi mummunan abu, minti goma kafin a tafi gida, kowa ta faɗi abin da ya faru, abin da ya tsaya mata a rai, da abin da ta yi daidai. Na ukun nan kada a tsallake shi, domin mai gajiya kuskurenta kawai take gani. Ba a ba da shawara sai an nema, ba a kuma kai sirrin mara lafiya gida ko dandalin WhatsApp. Maigida zai iya jin cewa yau ta yi nauyi, ba sai ya ji suna da unguwa ba.

Ki kuma yi wa kanki alamar tashi daga aiki. Tawa ita ce in cire farar riga a asibiti in naɗe ta a leda, in yi alwala, in zauna minti biyu ina jan numfashi ina ƙirga huɗu, ina sakinsa ina ƙirga shida. Sakin da ya fi ja tsawo yana kwantar da bugun zuciya. A hanya ba na buɗe waya sai na wuce gadar Dangi.

Akwai wani bambanci da ya taimake ni ƙwarai. Shiga cikin ciwon mutum har ki ji kamar a jikinki daban, tsayawa kusa da shi da nufin taimako daban. Na farkon shi ke ƙona mutum, na biyun ana iya shekara talatin ana yi. Da na ga uwa tana kuka, a da sai in ce a raina, da 'yata ce fa? Yanzu tambayar da nake yi ita ce, me wannan baiwar Allah take buƙata a minti biyar masu zuwa? Kujera, ruwa, wanda zai kira mata mijinta, bayani da Hausar da za ta gane. Wannan ina iyawa. Rai kuwa ba a hannuna yake ba, ni sababi ce. Mun iya faɗar haka ga 'yan'uwan mamaci, amma ba mu cika faɗa wa kanmu ba.

Mataki na bakwai: ki mayar da abin da ba hidima ba

Abu ɗaya a mako wanda ba wanda zai amfana sai ke. Kitso, lalle, saƙa, zuwa gidan ƙawar da ba ta taɓa tambayarki magani ba, tattaki bayan sallar Asuba kafin rana ta yi zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar motsa jiki na minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Biki da suna ba sa cikin lissafin hutu, kin fi ni sanin dalili.

In an riga an durƙushe

Duk abin da ya gabata rigakafi ne da gyaran farko. In kin kai inda kike kuka a bakin ƙofar asibiti, ko kike zaune a mota kin kasa fitowa, to sai an tsaya cak. Ki karɓi takardar hutu daga likita, ki haɗa da hutun shekara in akwai.

Makon farko barci da abinci kawai, kuma kada ki tsorata in kin ji jikin ya ƙara mutuwa, haka yake yi in ya samu sarari. In da hali ki bar unguwar, ki tafi gidan iyaye ko 'yar'uwa inda ba a san ki da likitanci ba sosai. Mako na biyu ki fara fita, ki ga mutane kaɗan, ki ci gaba da ganin likitan ko mai ba da shawara. Kada ki yanke hukuncin ajiye aiki a waɗannan makonni, kuma kada ki bar kowa ya yanke miki. Sai barci ya daidaita sannan ki ɗauki littafin ki tambayi kanki: in na koma, me zai canza? In amsar ita ce babu, wata uku ya yi yawa za ki dawo inda kike.

Komawar ma a hankali. Ki roƙi a fara da dutin safe, ban da dare na ɗan lokaci. In sashen ne ya yi miki nauyi, ki nemi canji, ba gazawa ba ce. Ni ɗakin awon ciki aka mayar da ni, inda yawancin labarin mai daɗi ne, na yi wata bakwai a can kafin da kaina na nemi komawa ɗakin haihuwa. In kuma kin gwada duk wannan, wurin bai canza ba, jikin yana ta faɗa miki, to ki nemi wani wurin tun kina da aikin a hannu, ki tafi da mutuncinki.

Littafin nan har yau yana cikin jakata, kodayake yanzu makin kawai nake sawa. Na yi wa kaina doka: in na ga ɗaya ko sifili kwana uku a jere, a ranar nake kashe layin jama'a, in kira abokiyar maganata, in je in duba kwana nawa suka rage mini a hutun shekara.